Aikin cron ya gudana sau biyu a daren da Amurka ta mayar da agogo baya, ina matsalar take?

Mai_Kula_da_Saba ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san cron, wato shirin da ke tayar da ayyuka a kwamfuta a lokacin da aka tsara musu, ciki da waje ya warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai.

Ina kula da injinan wani ƙaramin kamfani da abokan cinikinsa duk suna gabashin Amurka. Tun kafin in karɓi aikin an saita agogon injinan a kan America/New_York. Layuka biyu ne a cikin crontab, wato fayil ɗin jadawalin cron, suka dame ni:

30 1 * * * aika-takardun-biya
30 2 * * * kwafe-rumbu

Na farko yana lissafa kuɗin da ake bin kowane abokin ciniki ya aika masa takardar biya ta imel da ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Na biyu yana ɗaukar kwafin rumbun bayanai da ƙarfe biyu da rabi. Ranar Lahadi 2 ga Nuwamba 2025 ga abin da na tarar a rajistar aiki:

2025-11-02 01:30:01 -0400 aika-takardun-biya: an fara
2025-11-02 01:30:01 -0500 aika-takardun-biya: an fara

Duk wanda lokacin biyansa ya faɗo a ranar ya samu takarda biyu, kowacce da lambarta daban. Mutane suka yi ta rubuto wasiƙu suna tambayar ko sau biyu ake so su biya. Da na koma baya ina bincike sai na ga kwafin rumbu na 8 ga Maris yana nan, na 10 ga Maris yana nan, na 9 ga wata babu shi. Babu saƙon kuskure, babu komai. Aikin bai tashi ba ne kawai, kuma babu wanda ya lura sai yanzu.

Na san Amurka tana tura agogo gaba a Maris ta mayar da shi baya a Nuwamba, don haka na gane daga inda abin ya taso. Abin da ban gane ba shi ne wannan: muna da wata tsohuwar saba (kwamfutar da ke gudanar da ayyukan kamfani) mai Debian, wani nau'in Linux, agogonta ma na New York ne, tana da aikin share fayilolin wucin gadi da ƙarfe ɗaya da rabi daidai, amma ita sau ɗaya ta yi a wannan daren. Waɗancan biyun kuwa a cikin kwantena suke gudana, wato keɓaɓɓen ɗakin manhaja a cikin inji mai ɗauke da nasa kayan aikin, da wani ƙaramin cron da ya zo tare da kwantenar. Me ya sa layi iri ɗaya zai ba da sakamako biyu? Sannan in mayar da komai UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, ne in huta? Mai kamfanin sharaɗinsa ɗaya ne, takardun su isa kafin mutane su tashi da safe.

Dattijon_Unix ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka kawo rajistar yadda take, domin amsar tana cikin layukan nan biyu. Dubi ƙarshen lokacin. Na sama ya ce -0400, na ƙasa ya ce -0500. Idan ka mayar da su UTC, na farko 05:30 ne, na biyu 06:30. Wato a wajen injin awa guda cur ce ta raba su. A wajen agogon bango na New York kuwa duka biyun sunansu ɗaya da rabi.

Kwamfuta a can cikinta ba ta san da sauyin agogo ba. Daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970 a lokacin UTC, kuma wannan ƙidayar ba ta tsallake ba ta komawa baya don wata gwamnati ta ce a sauya agogo. Sai an zo nuna lokaci ne ake ɗaukar ƙidayar a fassara ta zuwa agogon gari. To cron da fassarar yake aiki. Duk minti yana farkawa ya tambaya ƙarfe nawa a agogon gari, ya duba ko akwai layin da ya dace da amsar. Kamar mai gadi ne da aka ce masa ya buɗe ƙofa duk sanda agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. In agogon ya nuna sau biyu zai buɗe sau biyu, in aka tsallake da hannun agogon ta kai bai nuna ba, ƙofa za ta kwana a rufe, kuma shi bai saɓa umarni ba.

A Amurka, tun 2007, ranar Lahadi ta biyu a Maris da ƙarfe biyu na dare agogo ke tsallakawa zuwa uku. Daga 01:59 sai 03:00. Ƙarfe biyu da rabi babu shi a wannan ranar kwata-kwata, shi ya sa kwafinka na 9 ga Maris bai fito ba. Ranar Lahadi ta farko a Nuwamba kuma, in ƙarfe biyu ya yi sai a koma ɗaya, duk mintin da ke tsakanin 01:00 da 01:59 ya zo sau biyu. Ayyukanka biyu kowanne ya zauna daidai cikin awar da ke da matsala, ɗaya a ta Nuwamba, ɗaya a ta Maris.

Yanzu ga bambancin injinanka. Cron ba shiri ɗaya ba ne, suna ne da shirye-shirye da yawa suke amsawa. Wanda ke kan Debian da Ubuntu ya samo asali ne daga wanda Paul Vixie ya rubuta, haka ma cronie da ke kan Fedora da Red Hat. Waɗannan an koya musu wata dabara. Suna riƙe da lissafin mintin da suka tsaya a kai, in suka farka suka ga agogo ya motsa fiye da yadda ya kamata amma bai kai awa uku ba, sai su ɗauka sauyin agogo ne. In gaba ya yi, ayyukan da aka tsallake sai a gudanar da su nan take. Da a ce kwafe-rumbu a kan Debian yake, da ya tashi jim kaɗan bayan ƙarfe uku. In baya ya yi, aikin da aka riga aka yi ba a maimaita shi. In kuwa motsin ya kai awa uku ko ya wuce, sai su ɗauka gyaran agogo aka yi, su bi sabon lokaci kai tsaye ba tare da waiwaye ba. Wannan duk yana rubuce a shafin bayanin cron, ka buga man 8 cron a tsohuwar sabar ka karanta da idonka.

Amma ka kula da wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. Wannan kariyar ta ayyuka masu tsayayyen lokaci ce kawai, waɗanda ba su da tauraro (*) a gurbin minti ko na awa, wato gurabe biyu na farkon layi. Layinka 30 1 yana ciki. Amma in ka rubuta */15 1 * * *, wato duk minti goma sha biyar a cikin awar ƙarfe ɗaya, gurbin minti ya fara da tauraro, don haka ko a kan Debian zai zagaya awar sau biyu, ya yi takwas maimakon huɗu. Irinsa na ƙarfe biyu kuma a daren Maris ba zai yi ko ɗaya ba. Hikimar da ke ciki ita ce aikin da aka ce a yi kowace awa ya kamata ya ci gaba da tafiya kowace awa, ko me agogo yake cewa. Tunanin daidai ne, sai dai yana kama wanda ya haɗa tauraro da tsayayyar awa.

Ƙaramin cron ɗin da ke cikin kwantenarka, bisa ga abin da rajistarka ta nuna, ba shi da wannan dabarar. Yana kwatanta layi da agogo ne kawai. Ba zan kira wannan lalacewa ba, domin tsarin crontab bai taɓa yin alkawarin abin da zai faru a waɗannan awoyin ba. Kowane mai rubuta shiri ya zaɓi abin da ya ga ya dace. Ko manyan kamfanoni ba su yi ittifaƙi ba. EventBridge Scheduler na Amazon, misali, in lokacin da ka ba shi bai wanzu ba a daren tura agogo, tsallake aikin yake yi, a daren komawa baya kuma sau ɗaya yake yi. Ka ga ya yarda da Debian a rabi ya saɓa mata a rabi.

Abin da zan ce ka yi yau kafin komai: fitar da ayyukan nan biyu daga tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe uku. Mayar da takardun biya 03:30, kwafin rumbu 04:30, ko yadda ya dace da jerin aikinka. A agogon New York waɗannan lokutan suna zuwa sau ɗaya tak a kowace rana ta shekara, kuma takardun za su isa kafin gari ya waye kamar yadda mai kamfanin yake so. Wannan bai warware komai ba, amma ya tsayar da ɓarnar da ka gani.

Gajeren_Zance ya amsa:

Malam, mayar da agogon kowace saba UTC ka huta. UTC ba ya gaba ba ya baya. Babu awar da ke ɓacewa, babu wadda ke maimaituwa, rajistarka za ta jeru tiryan-tiryan, kuma ba ruwanka da wane irin cron ne a cikin kwantena. Ni duk injin da ya shigo hannuna abin da nake fara yi ke nan. Lokacin gari na mutane ne, a nuna musu shi a kan allo. Injin ba ya buƙatarsa.

Uwar_Rumbu ta amsa:

Na yarda da Malam Gajeren_Zance a kan agogon injin da rajista, UTC ya kamata su kasance, ba ni da ja. Amma cewa a mayar UTC a huta, a nan ne zan saɓa masa, domin tsugune ba ta ƙare ba. Matsalar ba ta tafi ba, wuri ta sauya.

Ɗauki misalin mai tambaya. In ya ce aikin ya tashi 06:30 UTC kullum, a hunturu ƙarfe ɗaya da rabi ne a New York, a lokacin zafi biyu da rabi. Ga takardun da kawai ake so su isa kafin safiya, wannan ba komai ba ne, kuma a nan UTC ya wadatar. Kwafin rumbu ma haka, ba ruwansa da abin da agogon bango yake cewa, abin da ake so shi ne a ɗauke shi duk bayan awa ashirin da huɗu lokacin da babu cunkoso. Amma akwai ayyukan da ke ɗaure da rayuwar mutane. Saƙon tunatarwa da aka yi wa mutum alkawarin zai zo ƙarfe takwas na safe. Rahoton da ake so bayan an rufe kasuwar hannun jari ta New York ƙarfe huɗu na yamma, wanda 21:00 UTC ne a Janairu amma 20:00 a Yuli. Rufe lissafin rana da ƙarfe goma sha biyun dare na garin da kamfani yake. Waɗannan in ka daskarar da su a UTC, wata takwas na shekara ko wata huɗu za su riƙa zuwa a lokacin da ba shi ba ne, ya danganta da wane rabi ka yi lissafi da shi. Wasu sai su ce za su riƙa gyara crontab da hannu sau biyu a shekara. Wannan ɗora wa mutum aikin da injin ya fi shi iyawa ne, kuma ranar da mutumin ya tafi hutu ko ya bar aiki shi ke nan.

Don haka ni kafin in rubuta kowane layi nakan tambayi kaina: wannan aikin da agogon wa yake ɗaure? In da wucewar lokaci ne kawai, UTC. In da agogon mutanen wani gari ne, sai a rubuta sunan yankin lokacinsu a jikin aikin, injin ya yi lissafin. Kayan aikin yanzu sun ba da dama. A cronie akwai CRON_TZ da ake sawa a saman crontab. Cron ɗin Debian bai san shi ba, in ka sa TZ a can aikin ne zai ga sabon yankin bayan ya tashi, lokacin tashinsa kuwa na injin ne, wannan ya sha ruɗa mutane. A systemd, mai tayar da shirye-shirye a Linux, kana iya rubuta OnCalendar=*-*-* 03:30:00 America/New_York. A Kubernetes, mai tafiyar da kwantenoni a kan gungun injina, CronJob yana da gurbin timeZone wanda ya tabbata tun daga 1.27, in ka bar shi babu komai kuwa lokacin injin da ke tafiyar da gungun ake bi, wanda ba lallai ka san shi ba. Kuma a rubuta cikakken suna irin America/New_York, kada a rubuta tazara irin -0500, domin tazarar ba ta san Maris ya zo ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne in aiki ya haɗa ƙasashe biyu. Turai ba ta sauya agogo rana ɗaya da Amurka. Tarayyar Turai da Birtaniya sai Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kuma duka a lokaci guda, ƙarfe ɗaya na dare a UTC, ba kamar Amurka da kowane yanki ke bin ƙarfe biyunsa ba. A 2025 Amurka ta tura agogo 9 ga Maris, Turai sai 30 ga Maris. Mako uku ke nan da tazarar New York da Landan ta zama awa huɗu maimakon biyar. A kaka kuma Turai ta koma 26 ga Oktoba, Amurka sai 2 ga Nuwamba, mako guda. Na taɓa karɓar wani tsari da injin da ke Landan yake ajiye fayil, injin da ke bin agogon New York ya zo ya ɗauka bayan rabin awa. Kowanne yana bin agogon garinsa. A waɗannan makonnin mai ɗauka yakan riga mai ajiyewa zuwa, sai ya ɗauki fayil ɗin jiya ya sarrafa shi a matsayin na yau. Babu kuskuren da ya bayyana, domin fayil yana nan, sunansa daidai. Lambobin ciki ne na jiya. Gyaran da na yi shi ne na cire agogo daga tsakaninsu: mai ɗauka ya jira sai ya ga alamar da mai ajiyewa ya bari mai ɗauke da kwanan watan ranar.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a labarinka, ƙanena. Ba sauyin agogo ne ya aika takarda biyu ba. Sauyin agogo ya kira aikin sau biyu ne kawai. Aikin da kansa ne bai iya gane cewa ya riga ya yi na yau ba. Ko ka gyara lokaci, wata rana kwantena za ta mutu a tsakiyar aiki a sake tayar da ita, ko wani abokin aikinka ya gudanar da shi da hannu don gwaji, mutane su sake samun takarda biyu. Takardar biya kuma ba ƙaramin abu ba ce, akwai wanda zai biya duka biyun don tsoron kada a yanke masa hulɗa.

Ka sa a rumbun bayanai a hana layi biyu masu abokin ciniki ɗaya da zangon biya ɗaya. Aikin ya fara rubuta layin, in rumbu ya ƙi karɓa don akwai shi, ya wuce na gaba ba tare da ya aika komai ba. In ka yi haka, ko sau goma aka kira shi a dare ɗaya takarda ɗaya za ta fita. Kada ka dogara da flock, shirin da ke sa wa aiki makulli, a nan. Shi yana hana kwafi biyu gudana a lokaci guda ne, naka kuwa awa guda ce tsakaninsu, na farko ya gama ya saki makulli tuni.

Na kwafin rumbu kuma darasinsa daban ne. Aikin da bai tashi ba ba ya kuka. Wata takwas babu wanda ya sani. Kana buƙatar wani abu a wani injin daban da zai duba kowace safiya ko akwai sabon kwafi, in babu ya tashe ka.

Abu na ƙarshe, ka buɗe shirin aika-takardun-biya ka duba yadda yake lissafa "jiya". In yana cire daƙiƙa 86,400 daga yanzu, akwai gyara. Ranar tura agogo awa 23 ce, ranar mayarwa awa 25. A cire kwana ɗaya daga kwanan wata, sannan a nemi farkon ranar da ƙarshenta a yankin lokacin.

Mai_Kula_da_Saba ya amsa:

Allah Ya saka da alheri, Baba Dattijo da Yaya Uwar_Rumbu, da Malam Gajeren_Zance. Na matsar da ayyukan zuwa 03:30 da 04:30, kuma na fara aikin hana maimaita layi a rumbu. Na duba lissafin "jiya", da kwanan wata yake yi, wannan lafiya lau.

Saura abu biyu. Kamfanin yana shirin karɓar abokan ciniki daga wasu ƙasashe, kuma ana so kowa a rufe masa lissafi da ƙarfe goma sha biyun daren garinsa. Tunda sauyin agogo tsakanin ɗaya da uku yake faruwa, ina ganin sha biyun dare ba shi da matsala, ko? Sannan yaya zan gwada duk wannan ba sai na jira Maris ba?

Dattijon_Unix ya amsa:

A'a ƙanena, kada ka yarda da sha biyun dare. Tsakanin ɗaya da uku ɗin nan al'adar Amurka da yawancin Turai ce, ba dokar duniya ba. Masar ta dawo da sauyin agogo a 2023, kuma da tsakar dare take yi: a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu daga 23:59 na Alhamis sai 01:00, sha biyun dare babu shi. A ƙarshen Oktoba kuma awar ƙarfe goma sha ɗaya na daren Alhamis ce ke zuwa sau biyu. Kyuba ma da tsakar dare take tura agogo. Brazil haka ta riƙa yi har ta daina sauyin gaba ɗaya a 2019, kuma shirye-shirye da dama sun sha faɗuwa a kan kwanakinta don sun ɗauka kowace rana da 00:00 take farawa. Ba kuma ko'ina ne awa guda ba, tsibirin Lord Howe na Ostireliya rabin awa yake matsarwa. A kudancin duniya watannin a juye suke, Sidni a Oktoba take tura agogo ta mayar a Afrilu. Ko a cikin Amurkar, Hawayi ba ta sauyawa, yawancin jihar Arizona ma haka.

Ga rufe lissafin ƙasashe da yawa, ni ba zan rubuta layin crontab ga kowace ƙasa ba. Zan sa aiki ɗaya ya riƙa tashi duk bayan minti goma sha biyar a UTC, ya bi yankunan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: kwanan wata a wannan yankin ya wuce na ƙarshen da na rufe? In ya wuce ya rufe, ya rubuta a rumbu cewa ya rufe. Tambayar kwanan wata ba ta damu da ko sha biyun dare ya wanzu ba. Ga kuma ƙarin amfani, in injin ya mutu na wasu awoyi, da ya farfaɗo zai ga abin da ake binsa ya cike.

Sai dai duk wannan lissafin ya jingina ne ga abu ɗaya, kundin yankunan lokaci da ake kira tz, wanda ke ƙarƙashin hukumar intanet ta IANA. Arthur David Olson ne ya fara tattara shi, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi. A injinka shi ne fakitin tzdata. Dokokin sauyin agogo 'yan siyasa ke yin su, kuma suna sauyawa. Turkiyya ta daina a 2016, Meziko ta daina a yawancin ƙasar a 2022, Iran ma a 2022 ta yi na ƙarshe. Maroko a 2018 ta tsaya a kan awa ɗaya gaba da UTC, amma ta riƙa mayar da agogo baya a lokacin Ramadan, wanda kwanansa ke matsawa kowace shekara. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina sauyin a 2019, amma ƙasashen ba su cimma matsaya ba, aka ci gaba da yi. Wanda ya fi nuna haɗarin shi ne na Lebanon a Maris 2023. Kwanaki kaɗan kafin ranar tura agogo gwamnati ta ce an ɗage sai daren 20 ga Afrilu, wasu suka bi wasu suka ƙi, ƙasa ta wayi gari da lokaci biyu, sannan cikin mako guda aka janye ɗagewar. Masu kula da kundin sai da suka fitar da sabon bugu biyu a jere, 2023b da 2023c. Injin da ya sabunta a tsakani da wanda bai sabunta ba sun saɓa da awa guda.

Kwantenarka tana ɗauke da nata kwafin tzdata, na ranar da aka gina ta, sabunta injin da ke ƙarƙashinta ba ya taɓa shi. Java ma da nata kwafin take zuwa, haka wasu rumbunan bayanai. Duk ka san inda suke. In ka sauya yankin lokacin injin ko ka sabunta kundin, sake tayar da cron, kada ka ɗauka ya gani da kansa.

Gwaji kuwa ba sai ka jira ba. Fara da zdump -v -c 2026,2027 America/New_York, zai nuna maka daƙiƙar da sauyin zai faru bisa ga kundin da ke injin. Ya kamata ka ga 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba. Yi haka ga kowane yankin da za ku shiga, a cikin kwantenar kanta. In systemd kake amfani da shi, systemd-analyze calendar yana karɓar --base-time da --iterations, ka ba shi ranar da ke gab da sauyi ya jero maka lokutan da aikin zai tashi. Na cron kuma, tayar da injin gwaji wanda ba ya haɗe da rumbun gaske kuma ba ya iya aika imel, kashe daidaita agogo ta intanet, saita lokaci a 06:55 UTC na 8 ga Maris 2026, sake tayar da cron, ka sa layin 30 2 da zai rubuta lokaci a fayil. Minti biyar za ka jira ka ga ko ya tashi bayan uku ko ya tsallake. Na Nuwamba ka saita 05:25 UTC na 1 ga wata da layin 30 1, ka bar shi ya wuce 06:30 kafin ka duba fayil ɗin.